Yadda ake sa na'urar CCTV ta kunna jiniya da fitila da kanta

Shaguna da sito-sito da gidajen mai da dama a Birnin Kebbi, Jega da Argungu suna da kyamara, amma aikin da take yi bai wuce ɗaukar hoto ba. Ɓarawo ya shiga da ƙarfe biyu na dare, ya kwashi abin da zai kwasa, da safe mai shago ya tara yaransa a zauna a kalli yadda aka yi masa ta'asa. Alhali a bayan na'urar da ke ajiye hoton, wato DVR ko NVR, sau da yawa akwai wani koren soket mai ƙananan sukurori da ba wanda ya taɓa shi tun ranar da aka fito da ita daga kwali. A jikinsa an rubuta ALARM OUT. Da shi na'urar za ta iya kunna jiniya, ta haska fili, ta tada maigadi, tun mutumin yana kan katanga.

Misalin da za mu bi shi ne sito na buhunan shinkafa mai ƙofar ƙarfe ɗaya, da fili a gaba, da ɗakin maigadi a gefe. Ana son jiniya ɗaya da fitilun haska fili. Wanda ya gane wannan zai iya na gida ko na gidan mai.

Mataki na farko: tabbatar na'urarka tana da bakin

Ba kowace na'ura ke da shi ba. Ƙananan DVR masu kyamara huɗu da ake sayarwa da araha yawanci ba su da komai sai ɗan ƙarar da ke fitowa daga cikinsu. Juya na'urar ka duba. Idan ka ga koren soket mai baki biyu da aka rubuta wa A da B kawai, ko D+ da D-, ko RS-485, wannan na juya kyamara ne, kada ka sa masa wuta. Wanda muke nema yana ƙarƙashin rubutun ALARM OUT. A na'urorin kamfanin Dahua za ka ga NO1 da C1, wasu har da NC. A na kamfanin Hikvision akan ga lamba da harafi, kamar 1A da 1B. A takardar na'ura kuma akan rubuta wani abu kamar 4/1 ko 16/4, ma'ana bakin shiga huɗu da na fita ɗaya, ko shiga 16 da fita 4.

Idan na'urarka ba ta da shi, ba lallai ka sayi wata ba. Wasu kyamarorin intanet suna zuwa da nasu wayoyin alam a jikin wutsiyarsu, kuma NVR na kamfani ɗaya da su tana iya ba su umarni.

Mataki na biyu: gane abin da bakin yake

A nan ake yawan ɓata kaya, don haka zan tsaya a kansa.

Bakin ALARM OUT ba ya ba da wuta. Makunni ne kawai. A cikin na'urar akwai ƙaramin rile wanda idan alam ta tashi yake haɗa baki biyu, idan ta kwanta ya raba su. Shi ke nan aikinsa. Shi ya sa za ka ji yaron shago ya dawo yana cewa, "Maigida, na ɗaura jiniyar a NO da C kamar yadda ka ce, amma ta ƙi kuka." Ba za ta yi kuka ba, domin ba wanda ya kawo mata wuta. Dole wutar ta fito daga wani wuri, ta bi ta cikin makunnin, sannan ta isa ga jiniya.

Haruffan kuwa ga ma'anarsu a aikace. C ko COM shi ne bakin tsakiya, inda wuta ke shiga. NO a rabe yake da C a zaman lafiya, sai alam ta tashi su haɗu. NC a haɗe yake da C a zaman lafiya, sai alam ta tashi su rabu. Jiniya da fitila a NO ake sa su. NC na abin da ake so ya zauna da wuta kullum ne, a yanke masa ita lokacin alam.

Abu na biyu, makunnin ƙarami ne ƙwarai. A yawancin na'urori abin da zai iya ɗauka bai wuce 1A ba, a wutar DC da ba ta haura 30V ba. Buɗe takardar taka ka ga lambar da aka rubuta. Wutar NEPA mai 230V ba ta da hurumi a wannan soket ko kaɗan. Wanda ya sa ta, in ya yi sa'a rile ya narke, in bai yi ba wutar ta bi allon na'ura ta hau wayoyin kyamara. Wannan ƙaramin rile yaro ne da ake aika ya kira 'yan dako, ba shi ake ɗora wa buhu ba. Aikinsa ya kunna babban rile na waje, shi kuma babban ya ɗauki nauyin.

Akwai kuma wani nau'in baki da ba rile ba ne, taransisto ne. Ana samunsa a wasu kyamarori, inda takarda za ta ce 12V, 30mA, da kuma bakin PGM na allunan alam irin su DSC da Paradox, waɗanda kan ɗauki tsakanin 50mA da 300mA. Shi wannan idan alam ta tashi yana haɗa wayarka da negatif ne, kuma yana da gaba da baya, in ka juya shi ya ƙone. Haɗinsa daban ne, za mu zo kansa.

Kada ka yarda da rubutu kawai, gwada da mitar auna wuta. Kunna na'urar, ba tare da ka haɗa komai a bakin ba. Sa mita a ma'aunin wutar DC ka taɓa bakin biyu: bai kamata ka ga wuta ba. Sai ka mayar da mita wurin da take ƙara idan waya biyu sun haɗu. Shiga tsarin na'urar ka tada alam da hannu. A Hikvision akwai maɓallin gwaji a shafin Alarm Output, a Dahua kuma ka mayar da bakin daga Auto zuwa Manual. Za ka ji ɗan "ƙas" daga cikin na'urar, mita kuma ta yi ƙara. Ka kashe, ƙarar ta tsaya. To ka tabbatar makunni ne zalla. Wasu na'urorin Dahua suna da wani baki na daban da aka rubuta wa CTRL 12V, shi kam yana fitar da wuta, amma kaɗan ce, ta isa kunna rile ba ta isa babbar jiniya ba.

Mataki na uku: haɗa kaya

Kana bukatar akwatin wutar 12V mai wurin batir a ciki, na 3A ko 5A, da batir 12V 7Ah. Sai rile mai kwayil 12V DC (kwayil shi ne naɗin wayar da ke kunna rilen in an ba shi wuta) da soket ɗinsa, irin MY2N mai ƙafa takwas, wanda masu kayan wuta suka sani. Sai dayod 1N4007, wanda duk mai gyaran rediyo yana da shi. Sai fis na 2A ko 3A da gidansa, jiniya 12V, waya mai jan ƙarfe na gaske, faifon roba, da ɗan akwati mai murfi da rile zai zauna. Idan fitilun suna da yawa, ƙara kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar nauyi, mai kwayil 230V da bireka 6A ko 10A.

Kada ka ja wutar jiniya daga adaftar DVR. Adaftar an auna ta ne daidai cikin na'urar da faifan da take ajiye hoto a ciki. Jiniya ta ja wuta, na'urar ta mutu ta sake tashi, kuma daƙiƙun da take tashi su ne daidai lokacin da ɓarawo ke gaban kyamara. Ka sami kuka, ka rasa hoto.

Duba bayan jiniyar ka ga abin da take ja. Ƙananan masu tsinin ƙara kan ja tsakanin 100mA da 300mA. Manyan masu bakin ƙaho, irin na 30W, suna kai 1A har su wuce. Ƙaramar za ta iya bi ta bakin DVR kai tsaye, amma ni ko ita ina sa mata rile, don rile na waje in ya lalace ana zare shi a soket a sa wani, na cikin DVR kuwa sai an kai wa mai gyara.

Mataki na huɗu: haɗa rile da jiniya

Cire wutar komai, har da batir. Zare koren soket ɗin daga bayan na'urar, yawancinsu suna fita, aiki ya fi sauƙi a hannu.

Haɗin kashi biyu ne. Na farko shi ne na umarni. Ɗauki waya daga fositif na akwatin 12V, ta bi ta fis, ta shiga C na DVR. Wata waya ta fito daga NO na DVR ta tafi ƙafa ta 14 a soket ɗin rile. Daga ƙafa ta 13 kuma waya ta koma negatif na akwatin. Ƙafa 13 da 14 su ne kwayil. Kwayil ɗin MY2N na 12V yana jan kusan 75mA, abin da bakin DVR zai ɗauka shekara da shekaru bai ji ba.

Yanzu dayod. Ɗaura shi tsakanin 13 da 14, ɓangaren da ke da farin zobe yana kallon 14, wato fositif. Dalilinsa shi ne kwayil idan aka yanke masa wuta yakan mayar da wata wuta mai ƙarfi baya na ƙiftawar ido, ita ke cin bakin ƙaramin rile a hankali, taransisto kuwa tana iya kashe shi nan take. Dayod ke shanye ta. In ka juya zoben, da zarar alam ta tashi fositif da negatif sun haɗu kai tsaye, fis ya tsinke, in babu fis kuma bakin DVR ya manne. Duba zoben sau biyu kafin ka ɗaure sukuru.

Kashi na biyu shi ne na kaya. Wata waya daga fositif, bayan fis, ta shiga ƙafa ta 9. Daga ƙafa ta 5 jar wayar jiniya ta fita. Baƙar wayar jiniya ta koma negatif. Ƙafa 9 ita ce tsakiya, 5 ita ce NO ɗinta, 1 kuma NC. Ɗaya ɓangaren rilen, wato 12 da 8 da 4, haka yake, kuma ba ya haɗe da na farko. Zanen ƙafafun yana jikin rilen, ka gwama da shi, don akwai kwaikwayo iri-iri a kasuwa.

Wasu suna amfani da rilen mota, mai lamba 85 da 86 a kwayil, 30 a tsakiya, 87 a NO. Yana aiki sosai ga jiniya da duk abin da yake 12V, kuma ana samunsa a wurin kowane mai wayarin mota. Amma kwayil ɗinsa ya fi jan wuta, wajen 150mA, kuma ba a yi shi don 230V ba. Kada a sa shi a fitilar NEPA.

Idan bakinka na taransisto ne mai 30mA, ko MY2N ya yi masa nauyi. Nemi ɗan allon rile na 12V mai baki uku a gaba, DC+ da DC- da IN. Ba shi wuta daga akwatin, ka kai wayar alam ta kyamara zuwa IN, ka haɗa negatif na kyamara da negatif na akwatin, sannan ka sa ɗan jamfan da ke kan allon, wato ƙaramar hular roba mai haɗa ƙafa biyu, a ɓangaren L, tunda negatif kyamarar ke turowa. Bakin IN ba ya jan abin kirki.

Wajen ɗaure waya a koren soket, feƙe kamar milimita 6 kawai, murɗa zaren, tura har roba ta taɓa baki, ɗaure, sannan ka ɗan ja ka ji. Zare ɗaya da ya leƙo ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya sa jiniya kuka ba dalili.

Mataki na biyar: kaurin waya

Wutar 12V ba ta son tafiya mai nisa a siririyar waya, kuma lissafin ba wuya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm² tana da turjiyar kusan 0.035 om (ma'aunin turjiyar waya) a kowace mita. Idan jiniya tana nisan mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, om 3.5. Jiniya mai jan 1A za ta rasa 3.5V a hanya, abin da zai isa gare ta 8.5V, sai ka ji tana kuka a shaƙe. Da wayar 1.5mm² asarar ba ta kai 1.3V ba. Wayar intanet da masu haɗa kyamara ke son amfani da ragowarta ta fi muni, zare biyu nata a wannan nisa sun kai om 9, balle in irin mai alminiyam a ciki ce da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare zaren da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta.

Idan nisan ya yi yawa, kai akwatin wuta da rilen kusa da jiniyar, siririyar waya ta ɗauki umarnin kwayil kawai. 75mA ba ya damuwa da nisa.

Jiniyar a ɗaura ta sama inda hannu ba ya kai, ƙarƙashin inuwar kwano, bakinta yana kallon ƙasa kaɗan don ruwan damina. Wayarta ta fito ta cikin gini ta bayanta, ko ta bi faifo. Wayar da ke lilo a bango, filaya ɗaya ta gama da ita.

Mataki na shida: fitilun 230V

Wannan kashin in ba aikinka ba ne wayarin gida, kira mai wayarin. Ba wurin koyo ba ne.

Fitilar LED mai 100W ba ta jan ko rabin amfiya a 230V, sai mutum ya ga ai rile mai 5A zai ɗauki goma. Ba haka ba ne. A daidai lokacin kunnawa irin waɗannan fitilu suna fizgar wuta ninki da yawa na ɗan lokaci, wannan fizgar ke manne bakin rile, ka wayi gari fitila ta ƙi mutuwa. Fitila ɗaya ƙarama, rile zai iya. Daga biyu zuwa sama a sa kwantakta.

Shawarata a ware wa fitilu rile na biyu, a akwati daban, kada 12V da 230V su zauna a soket ɗaya. Kwayil ɗinsa a haɗa shi a bakin alam na biyu in na'urar tana da shi, in babu a jera shi da kwayil na farko, kowanne da dayod ɗinsa. Layif ya fito daga bireka ya shiga ƙafa 9 ta rile na biyu, ya fita ta 5 zuwa A1 na kwantakta, A2 ya tafi nutural, su biyun su ne kwayil ɗinta. Layif ɗin fitilun kuma ya shiga L1 na kwantakta ya fita T1, da wayar 1.5mm². Layif ake yankewa, ba nutural ba. Jikin fitilun na ƙarfe a haɗa shi da wayar ƙasa.

A kula da launi. Tsohon wayarin gidajenmu ja ne layif, baƙi nutural, kuma ja da baƙi ɗin nan su ne launin fositif da negatif na 12V. A sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural. Idan ja da baƙi iri biyu suka taru a wuri ɗaya, wanda zai zo gyara bayan shekara ba zai bambance ba. Liƙa wa kowace waya takarda ka rubuta, kuma kowane iri ya bi faifonsa.

Fitilun su ci daga layin inbata ko sola in akwai. Fitilar da ke jiran wutar gari, a daren da aka ɗauke ba ta da amfani, kuma ɓarawo ya fi son wannan daren.

Mataki na bakwai: me zai tada alam ɗin

Wayoyi sun haɗu, amma rabin aikin ne. Jiniyar da ke kuka sau biyar a dare saboda kyanwa, cikin mako guda maigadi zai zare wayarta, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Mafi sauƙi shi ne a ɗaura alam a kan gano motsi na kyamara, kuma shi ne mafi ƙarya. Ƙwarin da ke taruwa a hasken kyamara da damina, yanar gizo-gizo a gaban gilashi, ƙurar hunturu, ledar da iska ta kwaso, akuyar maƙwabta, fitilar babur da ta haska bango, duk motsi ne a wurin na'ura. Gano motsi ya dace da fara ɗaukar hoto, bai dace da jiniya ba.

Wanda ya fi shi shi ne layin da ake ja a kan hoto, Line Crossing a Hikvision, Tripwire a Dahua, ko kewaye wani yanki a ce duk wanda ya shiga ya daɗe daƙiƙa kaza a tada alam. Idan na'urar tana bambance mutum da mota daga sauran abubuwa, abin da Hikvision ke kira AcuSense, Dahua kuma SMD, kunna shi ka zaɓi mutum kawai. Ja layin a cikin filinka, ba a bakin hanya ba.

Wanda na fi yarda da shi kuwa shi ne sensa ta zahiri a bakin ALARM IN. Ga ƙofar sito, sensar maganaɗisu mai jikin ƙarfe: ɓari ɗaya a ƙofa, ɗaya a firam, waya biyu, ɗaya ta shiga baki na 1, ɗaya ta shiga G, wato bakin negatif. A tsarin na'ura a zaɓi nau'in NC. Amfanin NC shi ne ko ƙofar aka buɗe ko wayar aka yanke, duk alam za ta tashi. A cikin sito kuma ana iya ƙara sensar da ke gane motsin mutum ta zafin jikinsa, wadda ke bukatar nata 12V daga akwatin, bakinta na NC da C su tafi ALARM IN na 2 da G. Kada ta kalli taga ko kwanon da rana ke gasawa. Sito na hatsi kuma ba ya rasa ɓeraye, don haka a nemi irin wadda ba ta kula ƙananan dabbobi, a ɗaura ta a tsayin da takardarta ta ce.

Tsarin da ya fi zama lafiya in akwai baki biyu: layin kyamara ya kunna fitila da ɗan ƙaramin ƙara a ɗakin maigadi, babbar jiniya kuma sai an taɓa ƙofa.

Mataki na takwas: saiti a cikin na'ura

Abu uku ake saitawa, kuma mantuwa da ɗaya ya isa ya hana komai aiki.

Na farko, haɗa abin da ya faru da bakin fita. Shiga shafin sensar ko na layin da ka ja. A Hikvision nemi Linkage Action ka sa alama a Trigger Alarm Output, ka zaɓi lambar bakin. A Dahua sunansa Alarm-out Port ko Alarm Out. A nan kuma ka sa alamar ɗaukar hoto da turo saƙo a wayar hannu.

Na biyu, lokaci. Akwai jadawalin sensa, akwai kuma na bakin fita, Hikvision tana da duka biyun. Bar na bakin fita a buɗe awa 24, ka taƙaita na sensa, misali daga 10 na dare zuwa 5:30 na asuba. Tambayi mai wurin yadda yake aiki kafin ka sa. Lokacin kaka motoci kan iso da kaya cikin dare, da azumi kuma shaguna kan kai tsakar dare a buɗe. Ka nuna masa yadda zai canza da kansa. Duba agogon na'urar ma, in batirin cikinta ya mutu, duk ɗauke wuta agogo zai koma baya, jadawalin ya rikice.

Na uku, tsawon kuka. Hikvision tana ba da zaɓi daga daƙiƙa 5 har minti 10, da kuma wanda sai an kashe da hannu. Dahua tana kai daƙiƙa 300. Ga jiniya minti ɗaya ko biyu ya isa. Kada ka zaɓi na kashewa da hannu a wurin da ba kowa ke kwana ba, sai ta kwana tana kuka har batir ya ƙare. A Dahua ka tuna ka mayar da bakin Auto bayan gwajin da ka yi ɗazu. In ka bar shi a Manual ba zai saki ba, in a Off ba zai kama ba.

Mataki na tara: gwaji, da rana da kuma dare

Kafin ka haɗa jiniya, sa ƙaramin ƙwan 12V a madadinta, ka gama duk gwajinka da shi. Buɗe ƙofa, ƙwai ya kama, ka duba agogo ka ga ya mutu a lokacin da ka sa. Sa yaro ya tsallaka layin daga kowane ɓangare, a tsaye da kuma a duƙe. Zare waya ɗaya ta sensa ka ga alam ta tashi. Sannan a mayar da jiniya, a auna wutar da ke isa bakinta tana cikin kuka. In ta gaza 11V, koma kan maganar waya.

Sai ka kashe wutar gari gaba ɗaya ka sake. A nan ake gane cewa jiniya tana da batir amma DVR ba ta da shi, kuma na'urar da ta mutu ba ta ba da umarni. Dole ita da kyamarorinta su hau inbata ko UPS. Batir 7Ah ba zai riƙe su dare guda ba: DVR da kyamara huɗu da dare suna iya jan wajen 3A, ko awa biyu ba lallai ya kai ba. Zafin bazara na Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40 a Kebbi, yana rage wa irin wannan batir kwana sosai, don haka kada akwatin ya zauna dab da kwano, kuma a riƙa auna batirin duk bayan 'yan watanni.

Gwajin dare yana da nasa dalili. Fitila ta kama, kyamara ta juya daga baƙi da fari zuwa launi, hoton gaba ɗaya ya canza. Lokaci ya cika fitila ta mutu, hoton ya sake canzawa, na'ura ta ɗauka motsi ne, ta sake kunna fitila. Haka za su yi ta yi har gari ya waye. Maganinsa kada fitila ta dogara da gano motsi, a sa ta a layi mai tace mutum ko a sensa, kuma kada haskenta ya daki idon kyamara.

Kafin jiniya ta yi kukanta na farko, a sanar da maƙwabta da mai unguwa da 'yan sintiri, a faɗa musu ranar gwaji da lokacinsa. A yanayin tsaron da ake ciki, musamman garuruwan da ke iyaka da Zamfara da yankin Zuru, jiniya da tsakar dare ba ƙaramin tashin hankali ba ce, mutane na iya ɗauka wani abu ne daban su fita a guje da yara. A kuma yi magana a kan wa zai fito in ta yi kuka, da wa za a kira. Akwai wuraren da ƙaramin ƙara a ɗakin maigadi da saƙo a waya suka fi babbar jiniya hikima, wannan mai wurin da maƙwabtansa suka fi kowa sani.

Idan ƙofa ake son sarrafawa

Haɗin bai canza ba, ƙafar rile ce ke canzawa. Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, irin mai ƙarfin kilo 280 yana jan kusan 500mA a 12V, don haka a NC ake sa shi, wato ƙafa 9 da 1. Umarni ya zo, wuta ta yanke, ƙofa ta saki. Wuta ta ɗauke gaba ɗaya ma ƙofa a buɗe take, shi ya sa bai dace ya zama shi kaɗai ne makullin sito ba. Makullin da ke buɗewa in an ba shi wuta kuwa a NO yake, kuma daƙiƙa kaɗan yake so, in ya daɗe da wuta kwayil ɗinsa ya yi zafi. Injin get mai tafiya da kansa yana da baki biyu na maɓalli a allonsa, su ake kai wa ƙafa 9 da 5 ba tare da an sa musu wata wuta ba, a saita lokaci mafi gajarta.

Manhajojin Hik-Connect ta Hikvision da DMSS ta Dahua suna bari a kunna bakin alam daga wayar hannu, ma'ana duk mai kalmar sirrin na'urar yana iya buɗe ƙofar daga ko'ina. A canza kalmar da mai haɗawa ya sa, a kuma cire wayoyin yaran da suka bar aiki. Duk ƙofar da mutane ke bayanta, a sa mata maɓalli daga ciki wanda ke yanke wutar makullin kai tsaye ba tare da ya bi ta DVR ba, kuma kada a taɓa saita alam ta kulle ƙofa a kan mutane da sunan kama ɓarawo, domin ranar gobara ita ce hanyar fita.